Ɗan takara, wa zai gyara tuƙa-tuƙar idan ta lalace?

Da zarar an kaɗa gangar zaɓen ƙananan hukumomi, alkawarin da ya fi arha a bakin masu neman ciyaman da kansila shi ne rijiyar burtsatse. Wannan ya ce kowace mazaɓa zai haƙa, wancan ya ce tasa har da tanki da sola. Jama'a su yi ta tafi, kuma ba za a ga laifinsu ba, domin ƙishirwar ta gaske ce. A unguwanni da dama na birnin Kano akwai gidajen da suka manta rabonsu da ganin ruwa ya zubo a famfo. Kurar mai ga-ruwa ce ke shayar da su, jarka-jarka, kullum da kuɗi a hannu.

Maganar da ba ka ji a wajen kamfen ita ce ta gyara. Duk wanda ya zaga ƙauyukanmu ya ga tuƙa-tuƙa a tsaye ta yi tsatsa, da allon wanda ya haƙa ta a gefe, yara sun wuce ta da bokiti sun nufi kududdufi. Galibi abin da ya kashe ta bai taka kara ya karya ba: roba ce ta cinye, ko sarƙa ta tsinke, ko sandar ciki ta kwance. Mai sola kuwa, injin cikin rijiyar ya ƙone ko ɓarayi su kwance farantan. Ga kuma waɗanda tun farko aka haƙa ba tare da an auna ƙasa ba. Yawancin ƙasar Kano a kan dutse take, ruwan yana maƙale ne a tsagogin dutsen, in ba a dace da wurin ba bazara na shigowa rijiyar za ta ƙafe. Sabuwar rijiya tana da kwangila da bikin buɗewa da hoto. Gyara ba shi da ko ɗaya, shi ya sa ya rasa mai so.

Akwai kuma masu alkawarin dawo da ruwan famfo, alhali ba hurumin ciyaman ba ne. Dam ɗin Tiga da aka gina zamanin Audu Bako, da matatun Challawa da Tamburawa da Watari, duk sun fi ƙarfin ƙaramar hukuma. Tace ruwa da tura shi cikin bututu aikin Hukumar Ruwa ta Jiha ne. Ciyaman na iya kai kuka, ya matsa lamba, iyakarsa ke nan. Nasa aikin yana rubuce a Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999: kwashe shara, gina magudanai da kula da su, banɗakunan jama'a, kasuwanni, mayanka, tashoshin mota, maƙabartu. Kada a raina waɗannan. Kwatar da ta toshe ita ce ke tura ƙazanta cikin rijiyar gida da damina, daga nan sai amai da gudawa ya shiga unguwa. Wanda ya yashe magudanai kafin ruwan farko ya yi wa ruwan sha aikin da ya fi sabbin rijiyoyi da yawa.

Da can uzurin ciyamomi shi ne asusun haɗin gwiwa, kuɗinsu na hannun jiha. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. An yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa, amma duk mai neman kujerar yanzu ya san da hukuncin, ya kamata ya faɗa mana inda ya tsaya a kai.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ɗan takarar ke tsoro. A zaɓen Janairun 2021 APC ta lashe kujerun ciyaman 44 na Kano baki ɗaya. Ranar 26 ga Oktoba, 2024, NNPP ta lashe 44 ɗin da kujerun kansila 484. Haka abin yake a yawancin jihohi, ko wace jam'iyya ce ke mulki. Mutumin da ya san tikiti shi ne zaɓe, hankalinsa na kan wanda ya ba shi tikitin, ba kan matar da ke sammakon layin ruwa ba.

Duk da haka sai ya zo ƙofar mai unguwa neman albarka, kuma a nan ya kamata dattawa da ƙungiyoyin ci gaban unguwa su tsare shi. Rijiyoyi nawa ne a mazaɓar nan, nawa ke aiki? Nawa zai ware duk shekara domin gyara kaɗai? Wane makaniki za a kira, kuma a ina za a ajiye kayan gyaran? Ya amsa a rubuce, ya sa hannu, a ajiye kwafi wajen mai unguwa, a liƙa wani a allon sakatariya.