Suna Muka Bayar, Ba Tarihi Ba

A birnin Cebu na ƙasar Filifin, kowane watan Janairu jama'a kan cika tituna da bikin Sinulog, suna karantar da 'ya'yansu tarihi cikin rawa da kiɗa. Mu fa? Abu Ja ya kafa garin nan a 1828. Da aka tsai da shawarar gina sabon babban birnin tarayya a 1976, sai muka sallama sunan, muka koma Suleja. To, har da tarihin muka sallama? A hawan Sallah dawaki muke yi wa ado, amma wa ke ba yaro labarin Makau ko tukwanen Ladi Kwali? Masu cewa ɓarnar kuɗi ce su sani: wanda bai san asalinsa ba, kowane suna aka raɗa masa sai ya amsa. Lalle hawanmu ya zama makaranta!