Jiran gida da kula da kyanwa a Landan: gadi ne ko hanyar sanin gari?

1/
Akwai yaranmu da za su yi shekara biyu a Landan suna karatu, su dawo gida ba su san komai a garin ba sai makaranta, wurin aiki da Oxford Street. Hoto a gaban Big Ben kam akwai. Amma ka ce ya kwatanta maka unguwa ɗaya ciki da bai, sai ya fara sosa ƙeya.

2/
Ni a ganina, ba ka sanin gari sai kana da wani nauyi a cikinsa. Hanya mafi araha da baƙo zai ɗauki irin wannan nauyin kuwa ita ce jiran gida da kula da dabbobin masu gida idan sun yi tafiya. Na san wasu har sun fara yatsine fuska. Ku yi haƙuri ku karanta zuwa ƙarshe, sai mu yi musun.

3/
Ga yadda abin yake. Mutum zai yi tafiyar sati biyu, yana da kyanwa ko kare, ba ya son ya kai su wurin ajiyar dabbobi saboda tsada, kuma dabbar kan shiga damuwa a baƙon wuri. Sai ya nemi wanda zai zo ya zauna a gidan. Kai ka samu masauki, shi ya samu kwanciyar hankali. Yawanci ba mai biyan wani ko sisi.

4/
Akwai shafukan intanet da ke haɗa mutane a kan haka. TrustedHousesitters, wanda aka kafa a Brighton a 2010, shi ne ya fi suna. Akwai Nomador, akwai MindMyHouse. Kana biyan kuɗin rajista na shekara, a tantance ko kai waye, sannan duk gidan da ka jira mai gidan ya rubuta shaida a kanka, kowa ya gani.

5/
Mu ma ai mun san abin. Idan Alhaji da Hajiya za su tafi aikin Hajji, wa ake kira? Ƙani ko ɗan 'yar uwa ya zo ya kwana a gidan, ya ba tumaki dusa, ya zuba wa kaji hatsi, ya buɗe wa tantabaru. Bambancin kawai, mu zumunci ne ke tsaya wa mutum, su kuma shaidar da baƙi suka rubuta a kansa.

6/
Toh me ya haɗa wannan da sanin gari? Otal dai an gina shi ne don kada ka buƙaci unguwa. Abinci a ƙasa, shara wani ya kwashe, tasi a bakin ƙofa. Za ka iya kwana bakwai a ciki ba ka gaisa da mutum ɗaya da ke zaune a layin ba. Hausawa suka ce baƙo ko da ido makaho ne, otal kuwa ƙara masa makantar yake yi.

7/
Gidan mutum kuwa tun ranar farko zai tura ka waje. Madara ta ƙare, ina shagon kwana? Yau wace bola ake fitarwa? Landan na da ƙananan hukumomi 32 ban da tsohon birnin da ke tsakiya, kuma kowacce da tsarinta na kwasar shara. Ka kuskure ranar, shara ta kwana maka sati. Dole ka leƙa ka ga me maƙwabta suka fitar.

8/
Daga nan ake fara gaisawa. Tsohuwar da ke gidan kusa za ta tambaye ka ya kyanwar take, don ta san sunanta tun kafin ta san naka. Mai shago zai gane fuskarka a kwana na uku. Ƙananan abubuwa ne, amma wallahi su ne gari. Sauran duk ana iya gani a YouTube.

9/
Kuma gidajen da ake nema wa masu jira yawanci ba a inda 'yan yawon buɗe ido ke cincirindo suke ba. Suna can inda mutane ke rayuwa. Bari in ba ku misalan abin da za ku tarar, don kada maganar ta zama ta fatar baki.

10/
Idan ka faɗa Walthamstow, a arewa maso gabas, kasuwar titinsu ta kai kusan kilomita ɗaya, tana cikin mafi tsawo a Turai. Kayan miya a roba, yadi, tukwane, takalma, masu talla na ƙwala kira. Duk wanda ya tashi a Kano ko Maraɗi zai ji jikinsa ya saki, don ya san wannan hayaniyar.

11/
Peckham kuwa, a kudu, ana yi mata laƙabi da ƙaramar Legas. Ka bi Rye Lane za ka ga doya, manja, busasshen kifi, garin kwaki, shagunan kitso, kana jin Yarbanci ta ko'ina. Wanda ke kewar miyar gida ya san inda zai dosa.

12/
Brixton tana ɗauke da tarihin mutanen Karibiyan da suka fara zuwa da yawa bayan jirgin ruwan Windrush ya iso a 1948. Southall ta mutanen Punjab ce, har allon tashar jirginsu da rubutunsu. Green Lanes ta wajen Harringay gurasa da gasasshen naman Turkawa da Kurdawa. New Malden ta Koriyawa. Gari ɗaya fa duk wannan.

13/
Wanda ya fi burge ni shi ne wani gini a Brick Lane. An gina shi a 1743 a matsayin cocin Faransawa 'yan gudun hijira. Daga baya ya zama wurin ibadar Yahudawa. Tun 1976 masallaci ne, akasarin masu sallah a ciki 'yan asalin Bangaladash. Gini ɗaya ya ba ka labarin waɗanda suka zo unguwar bi da bi. Mai sauri zai wuce shi bai ko ɗaga kai ba.

14/
Dabara ɗaya: ka rage shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, ka hau bas. A ƙasa ba ka ganin komai sai bango. A saman bas kana kallon yadda unguwa ke sauya fuska daga wannan titi zuwa wancan. Tun 2014 ba sa karɓar tsabar kuɗi, sai kati, kuma idan ka sauya bas cikin awa ɗaya kuɗin hawa ɗaya za a cire maka.

15/
Yanzu musu na farko: "Haba malam, wannan ai gadi ne." Eh, akwai gadi a ciki. Sai me? Mutum ya ɗauki makullin gidansa, da duk abin da ya tara, da dabbar da yake ji da ita kamar ɗa, ya danƙa maka. Wannan amana ce babba. Raina mai gadi da muke yi a gida ciwonmu ne, bai kamata mu saka shi a jaka mu hau jirgi da shi ba.

16/
Kuma mu faɗi gaskiya, wanda ke cewa gadi ne sau da yawa shi ne ke kwana a kujerar falon abokinsa idan ya je wani gari, yana takura wa mutane, matar gida na ƙunƙuni a kicin. Tsakanin wannan da riƙe gidan da aka roƙe ka ka riƙe, wanne ya fi mutunci?

17/
Musu na biyu: "Kare fa?" Wannan tambaya ce ta gaske, ba na raina ta. Da yawanmu ba za su iya kwana gida ɗaya da kare ba, ko don addini ko don tsoro. Amsar mai sauƙi ce: kai ke zaɓar gidan. Akwai masu kyanwa zalla, masu zomo, masu kifi, har masu kaji a bayan gida. Kyanwa kuwa ba baƙuwarmu ba ce.

18/
Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne mutum ya karɓi gida mai kare don gidan ya yi masa kyau, sannan ya kulle dabbar a kicin yana tura mata abinci da ƙafa. Idan ba za ka iya ba, kar ka nema. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

19/
Musu na uku: "Ai dabbar za ta ɗaure ni, ba zan yi yawo ba." Za ta ɗaure ka kam. Ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta RSPCA na ba da shawarar kada a bar kare shi kaɗai fiye da awa huɗu. Kyanwa ta fi haƙuri, amma ita ma tana da lokacin cin abinci safe da yamma.

20/
Sai dai wannan ɗaurin shi ne ribar. Tunda ba za ka iya zaga gari duka a wuni ɗaya ba, sai ka koma bin layukan da ke kusa da kai a ƙafa. Ka gano ɗakin karatun unguwa, wanda shiga kyauta ne. Ka gano filin shaƙatawa, masallacin da ya fi kusa, mai naman halal, ranar da kasuwa ta fi araha. Sati biyu a haka ya fi wata guda na gudu daga wannan wurin hoto zuwa wancan.

21/
Toh ga inda nake so ku buɗe kunne: biza. Kai kana ganin ba a biya ka ba, don haka ba aiki ka yi ba. Jami'in shige da fice yana iya ganin an ba ka masauki a madadin hidima, wato an biya ka ta wata hanya. A 2022 an mayar da wata 'yar Ostareliya gida daga filin jirgin Los Angeles bayan ta ce jiran gida da kula da kyanwa ne ke gabanta.

22/
Fasfon Ostareliya ke nan fa. Ka auna da namu. Bizar ziyara ta Birtaniya ba ta yarda ka yi aiki ba. Bizar ɗalibi kuma tana da iyakar awannin aiki, 20 a sati lokacin karatu ga masu digiri, kuma ta hana sana'ar kai. Kafin ka yi rajista ko'ina, je ofishin da ke ba ɗaliban ƙasashen waje shawara a makarantarku ka tambaya, su ba ka amsa a rubuce.

23/
Kar wani ya ce maka "ai kowa na yi." Kowa ba shi zai tsaya a gaban jami'in ba. Kuma don Allah kar ka yi ƙarya a filin jirgi don masaukin sati biyu. Abin da iyayenka suka sayar suka tura ka karatu ya fi ƙarfin haka.

24/
Wanda takardunsa suka ba shi dama, ga abin da zai sani. Dokar kula da dabbobi ta 2006 a Ingila ta ɗora alhakin dabba a kan duk wanda ke riƙe da ita, ko da na ɗan lokaci ne. Ma'ana ranar da mai gida ya fita, abincinta, ruwanta da lafiyarta suna wuyanka a gaban doka.

25/
Don haka ka karɓi lambar likitan dabbobinsu tun kafin su tafi. Kar ka taɓa ba kyanwa farasitamol, kashe ta yake yi. Furen lili ma guba ne gare ta. Kare kuma ba ya cin cakulan, inabi ko albasa. Wannan ɗabi'ar tamu ta miƙa wa dabba ragowar tuwo da miya, a ajiye ta a gefe. Abin da mai gida ya rubuta shi za ka bi.

26/
Ka roƙi mai gida ya gabatar da kai ga maƙwabci ɗaya, ko ya tura masa saƙo da sunanka. Mu daina ɓoye-ɓoye: baƙar fata da ba a sani ba yana buɗe ƙofar gidan da aka san masu shi sun yi tafiya, akwai wanda zai kira 'yan sanda. Gaisuwar minti biyu ta kashe wannan fitinar, ta kuma ba ka mutum na farko da ka sani a layin.

27/
'Yan uwa mata, ku yi magana da masu gidan ta bidiyo kafin ku amsa. Ki tabbatar ba wanda zai rage a gidan tare da ke. Ki tambaya ko akwai kyamara a ciki. Ki tura wa wani naki adireshin. Duk wanda ya ce ki turo masa kuɗin kafin alƙalami ta bayan fage, ɗan damfara ne, ki toshe shi.

28/
Kicin kuma, za ka iya tarar da naman alade ko giya a firij. Gidansu ne. Ka nemi su ware maka waje, ka zo da 'yar tukunyarka idan hankalinka zai fi kwanciya. Ba sai ka yi wa kowa wa'azi ba, ba kuma sai ka zubar da kayan mutane ba.

29/
Babban gargaɗi: kar ka gayyaci abokai. Mun san halinmu, mutum ɗaya ya samu gida mai lambu, kafin magariba an zama mutum takwas ana dafa dafaduka ana ɗaukar bidiyo. Kar ka saka hoton ƙofar gidan ko lambarsa a intanet, sanarwa ce ga ɓarayi cewa masu shi ba sa nan.

30/
Dalilin da ya sa nake nanata wannan: tsarin gaba ɗaya a kan shaida yake tafiya. Mai suna irin namu yana fara nema ne da ɗan nauyi a kansa, don wasu masu gidan sun riga sun ji labarai. Idan ka riƙe amana, ka sauƙaƙa wa na bayanka. Idan ka ci, wake ɗaya ne zai ɓata gari.

31/
Wanda ba shi da shaida ko ɗaya ya fara da na kusa. Malaminku zai yi tafiya, abokiyar aikinki za ta je ganin gida, maƙwabci na neman mai zuba wa kyanwa abinci na kwana uku. Ka yi da kyau, ka bar gidan ya fi yadda ka same shi tsabta, ka nemi su rubuta maka layi biyu.

32/
Waɗanda ke gida kuma kar ku ce ba da ku ake ba. Akwai ɗan Nasarawa GRA da bai taɓa taka Kurmi ba, bai hau Dala ba, bai san lungunan Fagge ba. Idan gwaggo za ta yi Umara tana neman mai kwana a gidanta a cikin gari, kar ka turo ƙaninka. Je da kanka, ka yi sallar asuba a masallacin layin, ka sayi koko da ƙosai inda suke saya.

33/
Wanda ya taɓa jiran gida a Landan, Manchester ko wani gari, ya faɗa mana unguwar da dabbar da ya riƙe, da abin da makarantarsa ta ce masa a kan biza. Wannan na ƙarshen shi ne zai fi amfanar masu tambaya a ƙasa.