Ƙwayar Cutar Da Ke Canja Riga Kamar Hawainiya

A watan Oktoba na 2024 aka bai wa wasu Amurkawa biyu, Victor Ambros da Gary Ruvkun, lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci. Yawancinmu ba mu kula da labarin ba, domin a jikin wata 'yar tsutsa suka yi bincikensu. Amma jama'a, fannin da aka karrama ya shafi duk gidan da aka taɓa kwana a zaune ana jinyar yaro mai zazzaɓin cizon sauro.

Ga yadda abin yake. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai DNA, wato littafin gado. In za a yi aiki, sai a kwafi shafi guda a kan wani abu mai suna RNA, a kai inda ake ƙera furotin. An daɗe ana ɗaukar yawancin RNA 'yan aike ne kurum. Ashe akwai waɗanda ba sa ƙera komai, aikinsu shi ne su buɗe wannan shafi, su rufe wancan. Irin ƙananan da Amurkawan suka gano babu su a jikin ƙwayar zazzaɓi, amma tana da nata dogaye, kuma da su take yi mana wayo.

Idan ƙwayar ta shiga jan jini, sai ta sa masa wata riga mai danƙo, ya manne a jijiya, kada jini ya kai shi saifa a hallaka shi. Tana da irin wannan riga wajen 60, amma ɗaya take fitarwa a lokaci guda. Kafin garkuwar jiki ta gama gane ta, wasu daga cikin 'ya'yanta sun sauya wata. Wannan na cikin dalilan da suka sa yaro zai yi zazzaɓi bana, ya sake yi baɗi. Akwai ma rigar da ba ta manne ko'ina sai a mabiyiya, shi ya sa mai cikin fari take shan wuya fiye da sauran mata.

To, wa ke zaɓen rigar? A 2015 masu bincike a Urushalima suka nuna cewa wani dogon RNA na cikin masu buɗe shafin rigar da za a sa. A 2018 kuma wasu a birnin Basel na Suwizalan suka gano wani da ke taka birki ga ƙwayar, kada ta rikiɗe zuwa siffar da sauro ke ɗauka ya kai wa wani.

Sai dai kada mu yi saurin guɗa. Babu maganin da ya fito daga wannan bincike tukuna. Rigakafin R21 da aka fara yi wa yara a Kebbi da Bayelsa a Disamba 2024, tare ƙwayar yake yi kafin ta zauna a hanta, bai taɓa maganar riga ba. Nijeriya kuwa ita ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin a duniya, don haka gidan sauro da gwajin jini ba su da madadi.

A ganina makiyaya ne za su riga kowa cin moriya. Ƙwayar sammore da ƙudan tsando ke sa wa shanu ta fi ta zazzaɓi iya shege, domin rigunanta sun kai wajen 2,000. A 2019 masana a cibiyar Roslin ta Sikotilan suka ba da rahoton cewa tana zubar da wani ɗan RNA mai yawan gaske a jinin saniya. Da shi ana iya gane irin ƙwayar da ta kama dabba, kuma yana ɓacewa in magani ya ci. Makiyayin da ke yi wa garke allura bisa zato, ya yi asarar kuɗi, ƙwayar kuma ta saba da magani, shi ya fi kowa bukatar irin wannan gwaji. Muna da cibiyar binciken sammore a Kaduna tun zamanin Turawa. Abin da ya rage shi ne gwajin ya yi arahar da ma'aikacin dabbobi zai sa shi a jaka ya kai ruga.