Kada Mu Bari Daddawa Ta Ɓace

Jama'a, in aka tambayi ɗaliban makarantar nan abin da ke sa miya daɗi, na tabbata mafi yawanmu za mu ce magi. To, amma kafin zuwan magi, da me kakanninmu suke gyara miyar kuka da ta kuɓewa? Da daddawa. Ni a ganina, juya mata baya da muke yi babbar hasara ce.

Da farko mu duba asali. Tumatir da barkono da gyaɗa da masara, waɗanda muka ɗauka namu ne, duk baƙi ne. Daga nahiyar Amurka aka kawo su Afirka bayan shekarar 1492. Shi kuwa dunƙulen Maggi, kamfanin wani mutumin Suwizalan mai suna Julius Maggi ne ya fara yin sa a 1908. Amma ɗorawa, uwar daddawa, 'yar gida ce, nan Allah ya tsiro da ita. Har ƙasar Gana sunan daddawa ya kai, inda suke ce mata dawadawa. Yarabawa suna kiranta iru, mutanen Mali kuma sumbala.

Yin daddawa ilmi ne babba. Za a dafa kalwa, wato ƙwayar ɗorawa, ta wuni a kan wuta. Sai a surfe ta, a wanke, a sake dafawa. Daga nan a rufe ta ruf, kwana biyu ko uku, har ta ruɓa. Sannan a kirɓa, a faffaɗa, a shanya. Abin da malamin kimiyya ke koya mana game da aikin ƙananan halittun da ido ba ya gani, iyayenmu mata sun daɗe da sarrafa shi ba tare da sun shiga aji ba. Kuma babu abin yarwa a jikin ɗorawa: garinta a sha, makubarta a yi daɓe da ita.

Na san wasu za su ce daddawa wari gare ta, magi kuwa ɓarewa kawai za a yi a jefa. Gaskiya ne. Amma warin nan ai a tukunya yake komawa ƙamshi. Ban da haka, daddawa tana da sinadarin gina jiki, wanda gidan da ba kullum ake sayen nama ba yake bukata. Dunƙule kuwa gishiri ya yi masa yawa, ga shi likitoci suna ta gargaɗi cewa yawan gishiri na jawo hawan jini.

Abin da ya fi damuna shi ne, ana ta sare itatuwan ɗorawa don itace da gawayi, masu sana'ar kuma tsufa suke yi babu magada. In suka ƙare, wa zai koya mana?

Ban ce a daina sayen magi ba. Roƙona ga iyayenmu shi ne kada a raba miya da daddawa, kuma a koya wa yara yin ta. Mu ɗalibai kuma, kowane aji ya dasa ɗorawa ɗaya a filin makaranta. Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya sa mu gane, amin.