Rawar bibbiyu a tsakar ɗaki: motsa jikin da maigida da uwargida za su iya yi tare

Batun wannan makon na san wasunku za su karanta shi suna murmushi, wasu kuma su ce mai filin nan ya rasa abin rubutawa. Maganar rawa ce, irin wadda mutum biyu ke riƙe hannun juna suna taku a tare, wadda Turawa suka saba yi a manyan zaurukan biki. Kafin ku juya shafi, ku ba ni aron kunnenku.

Ku dubi yadda yini ke wucewa a Jimeta. Magidanci ya fito daga gida a Dubeli, ya tari Keke Napep a bakin titi, a sauke shi a ƙofar ofis ko gaban shagonsa a babbar kasuwa, ya zauna sai la'asar. Uwargida tana aiki kam, amma yawancinsa a tsaye wuri guda ne ko a duƙe, in kuma yara sun tasa sun karɓi aikin, sai zaman kallo da latsa waya. Likita zai ce a riƙa tattaki. To, a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Yola ke haura digiri 40, wa zai fita? Da dare kuwa mace ba za ta kama titi ita kaɗai da sunan motsa jiki ba. Ta haka ƙiba da hawan jini da ciwon sukari ke shigowa gida a hankali, ba a farga ba sai ranar da aka je awo.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako, wato aƙalla minti 30 sau biyar. Ga wanda ya kai shekara 65 kuma ta ƙara da atisayen daidaita tsayuwa, kwana uku a mako, saboda gudun faɗuwa. Rawar bibbiyu ta haɗa waɗannan biyun, kuma ana yin ta a cikin ɗaki, ƙarƙashin fanka, ba kuɗin rajista.

Mafi shahara cikin irin wannan rawa ita ce wals, wadda ta yi suna a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, sai tango ta Ajantina. Ba kuma baƙuwa ba ce sarai a yankinmu, domin kiɗan hailaif na Gana ya taso ne daga makaɗan da ke yi wa masu irin wannan rawa kiɗa a zamanin mulkin mallaka, daga baya ya tsallako Najeriya.

Abin da ya sa likitoci suka mai da hankali kanta shi ne bincike. A 2003 mujallar likitoci ta New England ta buga sakamakon aikin da Dokta Joe Verghese da abokan aikinsa suka yi a Kwalejin Likitanci ta Albert Einstein da ke New York. Sun bi diddigin tsofaffi 469 da suka haura shekara 75, kuma 124 daga cikinsu sun kamu da cutar mantuwa. Da aka duba ayyukan motsa jiki da suke yi, irin su tattaki da ninƙaya da tuƙa keke, rawa ce kaɗai aka ga tana da alaƙa da raguwar haɗarin cutar. A lura, alaƙa aka gani, kuma mai yiwuwa waɗanda ƙwaƙwalwarsu ke garau tun farko su ne ke iya ci gaba da rawar. Duk da haka dalilin da masana ke bayarwa yana shiga hankali. Mai tattaki na iya sakin tunaninsa ya tafi ko'ina, ƙafa za ta yi aikinta. Mai rawar bibbiyu kuwa dole ya tuna takun da ke biye, ya ƙirga, ya lura da inda abokin rawarsa ya karkata, ya kauce wa kujera, duk a lokaci guda. Ƙwaƙwalwa na aiki tare da ƙafa.

Na biyun ya fi burge ni. A birnin Ancona na Italiya, Dokta Romualdo Belardinelli ya ɗauki masu ciwon gazawar zuciya 130 ya kasa su uku. Kashi ɗaya na atisaye a kan keke da injin tafiya, kashi ɗaya na rawar wals, kashi na uku ba sa komai. Sau uku a mako, minti 21 kacal na rawa, har tsawon mako takwas. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna ƙarfin numfashi da juriyar masu rawa sun ƙaru kwatankwacin na masu hawa inji. Ku tuna fa, waɗannan marasa lafiya ne da likita ke tsaye a kansu, kada mai ciwon zuciya ya ce na ba shi izini. A Amurka ma an gwada tango a kan masu cutar karkarwa ta Parkinson, aka ga tafiyarsu da tsayuwarsu sun ɗan gyaru. Sai dai wani babban gwaji da aka yi kan tsofaffi a Ostireliya, aka buga a 2016, bai nuna rawa ta rage yawan faɗuwa ba, don haka kar a ɗora mata abin da ba ta iya ɗauka.

Na san inda gizo ke saƙar. A garin da kunya da kara suke da daraja irin ta Yola, dattijo mai jikoki ya kama hannun uwargida suna juyi a falo, ai abin faɗa ne. Babu wanda ya ce ku je otal, ko ku riƙe hannun wanda ba muharraminku ba. A rufe ƙofa, daga miji sai matarsa. Uwa da 'yarta ma za su iya, haka ya da ƙanwa, ko kaka da jikarta 'yar makaranta, wadda na tabbata za ta riga kowa iyawa. Wanda ba ya sauraren kiɗa, ƙirga da baki ta wadatar, domin amfanin yana cikin takun ne. Kuma bari in faɗi wadda ba a auna ta a asibiti: akwai ma'auratan da suka shekara ashirin tare, hirarsu ba ta wuce kuɗin cefane da kuɗin makaranta. Minti goma na taka wa juna ƙafa da dariya ba ƙaramin abu ba ne a irin wannan gida.

Ga yadda takun yake. Ku tsaya kuna fuskantar juna, hannu cikin hannu, baya a miƙe, ido na kallon gaba. Mai jagora ya kai ƙafar hagu gaba, ɗaya. Ya kai ta dama gefe, biyu. Ya jawo ta hagu ta haɗu da ita, uku. Sai ya mai da ta dama baya, ya kai ta hagu gefe, ya jawo ta dama ta haɗe. Ɗayan kuma yana yin kishiyar haka, wato in an matso gaba shi ya ja baya da ƙafar dama. Idan kun yi daidai za ku ga kun zana murabba'i a ƙasa, faɗinsa bai wuce tabarma ɗaya ba. Kwana biyun farko za ku yi ta rikicewa, kowa haka ya fara. Ku soma da minti biyar zuwa goma, ku riƙa ƙarawa duk mako har ku kai minti 30. Ma'aunin da za ku gane kun kai matsakaicin motsi shi ne numfashi ya ɗan ƙaru, kuna iya magana amma ba ku iya rera waƙa.

Lokaci mafi dacewa shi ne bayan asuba kafin rana ta yi zafi, ko bayan abincin dare da ɗan jinkiri. Masu ciwon sukari za su fi cin ribar na daren, domin motsi bayan cin abinci na taimakawa wajen rage hauhawar sukari a jini. Amma mai yin allurar insulin ko shan ƙwayar da ke saukar da sukari sosai ya ajiye dabino ko sukari kusa, ya kuma duba tafin ƙafarsa bayan an gama, saboda ƙaramin rauni a ƙafar mai sukari na iya zama babba. A sha ruwa kafin a fara, a sha bayan an gama.

A kula da daɓen ɗaki. Tayil da safa ba sa jituwa, haka ledar ɗaki da ta yage ko kafet mai naɗewa. A sa takalmi mara tsini da ke riƙe ƙafa, a ajiye silifas, a kuma ɗaure zane ya ɗan ɗage daga idon sawu. Mai ciwon gwiwa ya taƙaita taku, ya bar juyi mai sauri. Mai juna biyu ta tambaya a wurin awo tukuna.

Wanda awon jininsa ya kai 180 bisa 110, ko mai ciwon zuciya, ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ya fara ganin likita, ko a Asibitin Ƙwararru na Jimeta, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, ko asibitin da ya saba zuwa. Idan kuma ana cikin rawa aka ji ƙirji ya ɗaure, ko jiri, ko numfashi na neman yankewa, a tsaya nan take a zauna, in bai lafa ba cikin 'yan mintuna a nufi asibiti, kar a jira gari ya waye.