Raddi Ga Mai Cewa Hular Kwano Raunin Tawakkali Ce

 Wata maƙala ta shiga hannun jama'a a Sabon Birni da Isa, har ana karanta wa 'yan kabu-kabu a tashoshinsu, wadda marubucinta, da ba zan ambaci sunansa ba don in suturta shi, ya yi da'awar cewa mai hawan babur ko keke ba ya bukatar hular kwano. Hujjojinsa biyar ne, kuma zan kawo su bisa adalci: cewa ajali ba ya gaggawa ba ya jinkiri, don haka sa kwano raunin yaƙini ne, cewa kwano ba ya tare harsashi, cewa Turawan da suka ƙago shi ma sun saɓa a kansa, cewa yana hana rawani, da cewa yana da zafi, yana yaɗa ƙwarƙwata, ana kuma yin asiri da shi. A taƙaice, malamin yana so talaka ya fasa kansa a kan kwalta domin ya tabbatar masa da imaninsa.

To, mu fara da ta farko, wadda ya fi taƙama da ita, ita ce kuwa mafi rauni. Babu Musulmin da ke musun cewa ajali rubutacce ne, amma ɗauko wannan gaskiya a kafa hukuncin barin sababi da ita kuskure ne wanda ɗalibin da ya sauke Ahlari ya fara Ishmawi ma zai ji kunyar yi. Da ma marubucin ya buɗe Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda nake zaton tana cikin gafakarsa ko da ƙura ta rufe ta, da ya ga hadisin Anas ɗan Malik cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shiga Makka ranar buɗe ta, a shekara ta 8 bayan Hijira, da kwalkwalin ƙarfe a kansa, alhali kuwa Allah Ya riga Ya yi masa alkawarin nasara. Kafin wannan, ranar Uhudu, a shekara ta 3, ya haɗa sulke biyu, aka fasa kwalkwalin a kansa mai daraja, har zobba biyu na ƙarfen suka nutse a kuncinsa, Abu Ubaida ya cire su da haƙoransa, haƙora biyu suka fita. Ina tambayar marubucin, ya amsa a gaban jama'ar da ya ruɗa: shin yaƙininsa ya fi na Shugaban masu tawakkali ne? Idan ya ce a'a, hujjarsa ta rushe. Idan ya ce i, to maganarmu da shi ta bar babin hula ta koma wani babi mai nauyi.

Al'amarin bai tsaya nan ba. Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambaya ko ya saki taguwarsa ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya ɗaure ta tukuna sannan ya dogara. Sayyidina Umaru, da ya kai Sargu a hanyarsa ta zuwa Sham ya ji annoba ta ɓarke, sai ya juya da jama'a, da aka ce masa ko gudun ƙaddara yake yi, ya bayyana cewa daga wata ƙaddarar Allah yake gudu zuwa wata. Alkur'ani mai girma, cikin Suratul Anbiya'i, ya lissafa sana'ar sulke da aka koya wa Annabi Dawuda cikin ni'imomin da ake neman a gode musu, Suratul Baƙara kuma ta hana mutum jefa kansa ga halaka. Malaman usulu, daga Gazali har zuwa Shaɗibi mai Muwafaƙatu, sun sanya kiyaye rai cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin tsare su, kiyaye hankali ma yana cikinsu, hankalin nan kuwa ba ya wanzuwa bayan ƙwaƙwalwa ta tarwatse. Wallahi abin takaici ne a ce sai an tuna wa mai kiran kansa malami waɗannan.

Abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne a Gobir aka rubuta wannan magana. Barade da 'yan lifidin da Sarkin Gobir Yunfa ya fito da su Tabkin Kwatto a 1804 da kwalkwali suka fito, jama'ar Shehu Usmanu kuwa, waɗanda suka fara yaƙi galibinsu a ƙasa da baka da kibiya, da Allah Ya hore musu dawaki da kayan yaƙi ba su ce lifidi raunin imani ne ba, suka ɗauka suka yi amfani da shi kafin Alƙalawa ta faɗi a 1808 da kuma bayan faɗuwarta. Ashe ɓangarorin biyu, da duk saɓanin da ke tsakaninsu, sun yi ijma'i a kan abin da marubucinmu ya zo yana warwarewa bayan shekara fiye da 200. Kuma ina da tabbacin shi kansa yana kulle ƙofarsa da dare, yana shan maganin zazzaɓi, yana kuma tambayar labarin hanya kafin ya kama ta Goronyo. Tawakkalin nasa bai tashi motsawa ba sai da aka zo kan ƙoƙon kan yaron da ke neman abincin gidansu da babur.

Hujja ta biyu, wato kwano ba ya tare harsashi, gaskiya ce da aka nufi ɓata da ita. Babu wanda ya jahilci halin da ƙasar nan ta shiga, tun daga kisan ƙauyukan Sabon Birni a Mayun 2020, zuwa Satumbar 2021 da gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta rufe hanyar Isa zuwa Marnona aka kuma yanke layukan waya, zuwa matafiyan da aka ƙone cikin mota kusa da Gidan Bawa a Disambar shekarar. Sai dai wannan hali hujja ce a kansa, domin tsoron 'yan bindiga shi ke sa mai babur ya yi gudun wuce sa'a don ya isa gida kafin magariba, ta kan ramuka da yashi, kuma wanda ya faɗi ya bugu a ka, likitan da ke iya buɗe ƙoƙon kai yana Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tafiyar da ta haura kilomita 100 a hanyar da ba a bi da dare. Ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta dogara da ita ta nuna hular kirki da aka ɗaure da kyau tana rage haɗarin mutuwar mai babur da kimanin kashi 40 cikin 100, raunin kai kuma da kimanin kashi 70. Inda asibiti ya yi nisa, nan ne rigakafi ya fi wajaba.

Ta uku, saɓanin Turawa, ya ji ƙishin-ƙishin ɗinsa ne bai fahimce shi ba. Gardamarsu a kan keke take, kuma a kan tilastawa da doka: jihar Biktoriya ta Ostareliya ta wajabta hular ga masu keke a 1990, wasu suka ce dokar ta sa mutane barin keke, mutanen Holan kuwa ba su wajabta ba, saboda sun keɓe wa keke hanyoyinsa daban da na mota. Wani mai bincike a Ingila, Ian Walker, ya auna a 2006 ya ga motoci sun fi matso shi da santimita 8 da rabi idan yana sanye da ita. Duk wannan abin dubawa ne. Amma Holan ɗin nan ta wajabta hula ga mai babur, kuma tun da likita Hugh Cairns ya yi nazarin raunukan kai bayan mutuwar T. E. Lawrence a haɗarin babur a 1935, har sojan Ingila suka wajabta ta a 1941, babu mai hankalin da ya sake jayayya a kan amfaninta ga babur. Marubucin ya nuna mini hanyar keke da aka keɓe tsakanin Isa da Shinkafi, sannan mu zauna mu yi zancen Holan.

Batun rawani kuwa, Ingila ta yi wa mabiya addinin Sik rangwame a 1976 domin rawani wajibi ne a addininsu. A wurinmu ba farilla ba ne, kuma cikin samarin da ke tashoshin kabu-kabu nawa ne ke naɗi? Mai rawani ya sa shi a jaka, ya naɗa idan ya sauka.

Zafi akwai shi, ba na musu, ana kuwa sayar da mai tagogin iska. Ƙwarƙwata maganinta hular zane a ciki da sabulu. Zancen asiri tsohon zance ne da aka yaɗa tun Janairun 2009, sa'ad da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta dokar sa hular kwano, har wasu 'yan acaɓa suka kifa ƙwarya a ka don su yaudari ma'aikata. Wanda ya cika mana kunne da tawakkali, ya kuma dawo yana tsoron sammu a cikin roba, ba ni da abin ce masa.

Uzuri ɗaya tak na gaskiya shi ne tsada, shi kuwa marubucin bai ma ambace shi ba. Wannan aikin shugabannin ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu ne da ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, su sayo da yawa su ba 'ya'yansu bashi a biya kaɗan-kaɗan, limamai kuma su faɗa a huɗuba. Marubucin kuwa ya janye maƙalarsa a fili kamar yadda ya yaɗa ta a fili, domin duk yaron da ya ajiye hularsa saboda ita, yana da kamasho cikin abin da ya same shi. Allah Shi ne Mafi sani.