Filin Noma: Ma'aikatan Ɓoye a Saiwar Hatsi

Duk wanda ya ratsa gonakin Magarya da Dungas ya san jigawarsu: rairayi ne mai ƙarancin fosfor, sinadarin da saiwa da zangarniya ke bukata. Ga shi kuma buhun takin zamani ya fi ƙarfin talaka.

Amma manomi yana da mataimaka a ƙarƙashin ƙasa. Wasu ƙananan halittu dangin naman kaza, waɗanda masana ke kira mikoriz, sukan zauna cikin saiwar hatsi, wake da gujiya. Daga nan sai su miƙa zaren da ya fi gashi siranta zuwa inda saiwa ba ta kaiwa, su jawo fosfor su ba shuka, ita kuma ta biya su da sukari. Ba ni gishiri in ba ka manda ke nan.

Binciken da aka buga a shekarar 2000 kan gonakin gwaji na Nijar da Burkina Faso ya nuna cewa hatsin da ya biyo bayan wake ya fi samun waɗannan halittu da wuri.

Sai dai a yi hattara: tattara fosfor suke yi, ba sa ƙirƙirarsa. Gonar da ake ci ba a mayar mata za ta gaji. Shi ya sa cibiyar ICRISAT ta Sadore ta ba da shawarar sa giram 6 na takin 15-15-15 a kowane ramin shuka. Ma'aikacin da ke noma a ƙauyensu da ɗan kasuwa mai sayar da taki, kowa ya riƙe wannan: juya shuka, takin gida, da ɗan ƙyas na zamani.